Aiki nawa ne a cikin kalmar "aiki"? Gane entiti kafin gina rumbun bayanai

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin gine-gine a nan Daura. Muna gina ajujuwa da kwalbatoci, muna kuma haƙa rijiyoyin burtsatse a Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure. Duk lissafinmu a Excel yake da littattafan foman, har ta kai idan maigida ya tambayi nawa aka kashe a wani aiki sai an kwana biyu ana bincike. Da yake na karanta kwamfuta, sai ya ce in gina mana rumbun bayanai na kula da ayyuka. A makaranta an koya mana a fara da gano entiti. Na rubuta guda tara: Aiki, Ma'aikaci, Wuri, Matsayin aiki, Kasafi, Kwanan wata, Kayan aiki, Mai ba da aiki, da Rahoto. Da na zo zane sai na rikice. Wasu kamar ba entiti ba ne, kuma jikina yana ba ni akwai waɗanda na bari. Ta yaya ake gane abin da ya cancanci zama entiti? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Amin, Allah ya ƙara mana baki ɗaya.

Idan na fahimce ka da kyau, tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, a cikin abubuwa taran nan da ka jera, wanne ya isa ya zama entiti, wato a buɗe masa tebur nasa mai layuka da gurabu kamar shafin Excel, wanne ne kuma bayani kawai a kan wani abu. Ta biyu, ta ina za ka zaƙulo waɗanda ba su faɗo maka a rai ba. Ta biyun ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Na ji daɗi da ka tsaya a nan ka yi tambaya, domin kuskuren da yake kan takarda gogewa kawai yake buƙata, amma wanda aka gano bayan an zuba bayanan shekara biyu, gyaransa tamkar sauya harsashin gini ne bayan an kai linta.

Bari in ɗan taɓa asali don ka san inda abin da aka koya muku ya fito. A 1970 Edgar Codd, wani masanin lissafi da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya fitar da tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna, wanda a kansa aka gina manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL da Access. A 1976 Peter Chen ya kawo hanyar zana entiti da alaƙoƙinsu a takarda kafin a taɓa kwamfuta. A wurinsa entiti shi ne duk abin da za a iya bambance shi da waninsa, a ce wannan ne, ba wancan ba. A 1983 ya sake rubutu yana nuna cewa idan aka bayyana harkar kamfani da jimloli, sunaye kan zama entiti, aikatau kuma su zama alaƙa. Daga nan aka samo dabarar da ake koyarwa a aji: rubuta bayani, ka ja layi ƙarƙashin kowane suna. Ina kyautata zaton ita ka bi, shi ya sa Kwanan wata da Rahoto suka shigo jerinka. Dabarar tana da amfani a matakin farko, sai dai tana kwaso shinkafa har da tsakuwa, kuma tana barin manyan abubuwa a baya saboda mutane ba sa kiran su da suna. A bakinmu Hausawa ma tana da matsala ta uku, kuma da ita nake so ka fara.

Fara da kalmar "aiki"

Ka kasa kunne ga maigidanka na yini ɗaya. Idan ya ce "mun samu aiki a Sandamu", kwangila yake nufi, takarda mai sa hannu da kuɗi da wa'adi. Idan ya ce "aikin Baure ya kai linta", ginin da ke tsaye a wani fili yake nufi. "Jibi za a fara aikin rufi", wata gaɓa ce a cikin ginin. "Na ba kafinta aikin", jinga ke nan, yarjejeniya da mutum ɗaya a kan yankakken kuɗi. "Yau mutum goma suka yi aiki", yinin leburori ne da za a sallama da yamma. Kalma ɗaya, abubuwa biyar, kowanne da ranar farawarsa da kuɗinsa da mai alhakinsa, kai kuma ka rubuta "Aiki" ka ba shi akwati ɗaya a zanenka, kamar entiti ɗaya ne. Ina ganin daga nan rikicewarka ta taso. Duk siffar da ka zo liƙa wa akwatin, sai ta dace da ma'ana ɗaya ta ƙi dacewa da sauran huɗun.

Bambancin kwangila da aikin da ke ƙasa shi aka fi tsallakewa, domin a ƙaramin aiki abu ɗaya suke zama: rijiya ɗaya, ƙauye ɗaya, takarda ɗaya. Amma ka san ana bayar da kwangila ɗaya mai ɗauke da ajujuwa a ƙauyuka uku, ko rijiyoyi goma a gundumomi daban-daban. Kuɗin a dunƙule yake, amma kowane wuri da fomansa da irin matsalarsa. Wata rijiyar a samu ruwa a kusa, wata a ci karo da dutse. Idan tebur ɗaya ka yi musu, ranar da irin wannan ta zo, ko dai ka maimaita bayanan kwangilar sau goma, ko ka cusa ƙauyuka goma a gurbi ɗaya, kuma duka biyun ɓarna ce. Saboda haka ka raba su uku: Kwangila, Aiki, Gaɓa. Kwangila ɗaya tana ɗaukar aiki ɗaya ko da yawa. Aiki ɗaya yana wuri ɗaya, yana da gaɓoɓi: haƙa harsashi, zuba kankare, ɗora bulo, linta, rufi, filasta, fenti. Ginin da aka fara, kuɗi ya yanke, bayan shekaru aka sake bayar da shi don kammalawa, sai ka buɗe masa sabon Aiki ƙarƙashin sabuwar Kwangila, amma su biyun suna nuna Wuri ɗaya.

Ba dole sai sunayen da na zaɓa ba. Abin da ya zama dole shi ne ka zauna da maigida da akanta da foman ko da ɗaya ne, ku amince da sunayen, ka rubuta ma'anar kowanne a jimla ɗaya. Zaman ba zai wuce awa guda ba, kuma za ka sha mamakin yadda mutanen da suka shekara goma tare ba abu ɗaya suke nufi da kalma ɗaya ba.

Yadda nake gwada kowane suna

In na ɗauki suna, abin da nake fara dubawa shi ne ko za a iya ƙirga shi, a ce muna da bakwai, ga na ɗaya ga na biyu. Sai in duba ko yana da bayanai nasa na kansa fiye da ɗaya da za a so a ajiye. Sai in duba ko zai saura idan aka goge abin da aka jingina shi da shi. Na ƙarshe, wanda na fi bai wa muhimmanci: akwai wanda zai taɓa yin tambaya a kansa shi kansa? Ba lallai suna ya ci duka ba. Gaɓa ba ta rayuwa in babu Aiki, amma tana da ranakunta da kuɗinta kuma kullum ana tambaya a kanta, don haka entiti ce, sai dai mai jingina.

Kwanan wata ya faɗi nan take. Siffa ce ta wasu abubuwa: ranar sa hannu ta Kwangila ce, ranar farawa ta Gaɓa ce. Abin da zan ƙara kawai shi ne ka ba kowace Gaɓa gurbi huɗu, ranar da aka tsara farawa da gamawa, da ranar da aka fara da gamawa a zahiri. Idan biyu ka yi, foman zai riƙa goge tsari yana rubuta abin da ya faru, kuma ba za a taɓa sanin an makara ba. Mai ba da aiki ya ci gwaji ba gardama, ko ma'aikatar gwamnati ce, ko ƙaramar hukuma, ko wata ƙungiya, ko attajiri mai gina masallaci, domin yana nan kafin kwangilar kuma zai iya dawowa da wata.

Rahoto ya danganta da abin da kake nufi. Idan shafin da kwamfuta za ta tattaro wa maigida ne, na nawa aka kashe da nawa ya saura, to ba a ajiye shi. Ana lissafa shi ne daga sauran tebura duk lokacin da aka nema. Idan kuwa takardar da foman ko injiniya ke rubutawa duk mako ce, mai kwanan wata da hotuna da sa hannu, wadda wata rana za a ce a ɗauko ta ranar kaza, to entiti ce cikakkiya. Haka Kasafi. Idan adadi ɗaya ne, siffar Aiki ce. Amma a harkar gini kasafi yakan zo a takardar ƙididdigar kaya da farashi, wadda kuke kira BOQ, layi bayan layi: abu kaza, ma'auni kaza, adadi kaza, farashi kaza. Kowane layin nan abu ne da za a kwatanta shi da abin da aka kashe, don haka entitin shi ne Layin Kasafi, jimillar kuma lissafi ce.

Matsayin aiki siffa ce, amma kada ka bar gurbin a buɗe kowa ya rubuta abin da ya ga dama, in ba haka ba za ka tarar da "an gama" da "an kammala" da "ya ƙare" a matsayin abubuwa uku. Ka yi ɗan ƙaramin tebur na zaɓi. Sai dai ka tambayi maigida: zai taɓa son sanin yaushe aka dakatar da aiki, wa ya dakatar, saboda me, kwana nawa ya yi a tsaye? Na tabbata zai so, musamman ranar da mai ba da aiki ya ce kun wuce wa'adi alhali shi ne bai saki kuɗi ba, ko damina ta hana tifa shiga ƙauyen. Da zarar amsar ta zama e, sauyin matsayi ya zama entiti, kowane sauyi da layinsa.

Kayan aiki ma kalma ce mai fuska biyu. Siminti da rodi da bulo da kwano suna ƙarewa, abin da ake bi a kansu shi ne adadi. Injin kwaɓa kankare da janareta da mota suna zuwa su dawo, abin da ake bi a kansu shi ne yanzu yana ina, a hannun wa, yaushe aka yi masa sabis. Buhun siminti ba shi da lamba, janareta yana da ita. Tebur biyu ne.

Abubuwan da ba a kiran su da suna

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Bari in ba ka abin da ya same ni. Shekarun baya na gina wa wani kamfani a nan Katsina tsari irin wanda kake shirin yi. Na sa kuɗin yinin kowane ma'aikaci a teburin Ma'aikaci, a teburin Gaɓa kuma na bar gurbi na wanda ke yin ta da yawan kwanakinsa. Wata da watanni komai lafiya. Sai kayan masarufi suka tashi, aka ƙara wa birkiloli kuɗin yini, akanta ya shiga ya gyara adadin kamar yadda na koya masa. Washegari lissafin ayyukan da aka gama tun bara ya sauya, domin kwamfuta tana ninka kwanakin bara da farashin bana. Aikin da aka ci riba ya koma asara a takarda, har aka fara kallon wani foman da bai ci ko kwabo ba. Sai da muka koma littattafan hannu muka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a wanke shi. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin mutuncin magidanci ne ya kusa zubewa saboda gurbi ɗaya da na ajiye inda bai dace ba.

Kuɗin yini ba na mutumin ba ne shi kaɗai, ba kuma na gaɓar ba ne ita kaɗai. Na haɗuwarsu ne a wani lokaci. Haɗuwar nan entiti ce, ko da yake babu wanda zai kira ta da suna idan kana tambayarsa. Ni ina kiran ta Sanyawa: an sanya wane a gaɓa kaza, a matsayin kaza, daga ranar kaza zuwa kaza, a kan yini ko a kan jinga, a kan kuɗi kaza. Birkila ɗaya yana shiga gaɓoɓi da yawa, gaɓa ɗaya tana cin birkiloli da yawa, kuma teburin Sanyawa ne kaɗai ke iya riƙe wannan. A ƙarƙashinsa sai Yini, wato rajistar wanda ya zo da wanda bai zo ba, idan kuna biyan yini. Irin wannan ya faru da duk wanda ya ajiye adadin harajin VAT a wuri ɗaya: a Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100, kuma wanda bai rubuta adadin a jikin kowace takardar neman biya ba, tsofaffin takardunsa sun sauya da kansu.

Daga nan na ɗauki wata al'ada. Duk inda na ja layi tsakanin akwati biyu, kuma na ga kowane ɓangare yana iya zama da yawa, sai in tsaya in tambayi layin kansa: nawa, yaushe, wa ya amince? In ya ba da amsa ko ɗaya, ya tashi daga layi ya zama akwati. Hanya mafi sauƙi kuma ta gano irin waɗannan ita ce ka bar kan kujera ka shiga ofishin akanta da sito. Ka tattaro kowace irin takarda da ake sa wa hannu: bauca, rasit, takardar fitar da kaya, takardar da direban tifa ke kawowa, satifiket ɗin da injiniyan mai ba da aiki ke bayarwa kafin a biya ku. Mutane ba sa ɓata biro su sa hannu sai a kan abin da suke tsoron a musa wata rana. Kusan kowace takarda mai sa hannu entiti ce, kuma gurabun da ke jikinta su ne siffofinta, an riga an tsara maka su.

Da wannan za ka ga Biya, wanda babu shi sam a jerinka alhali shi maigida ke tambaya. Kuɗin kwangila ba ya zuwa a dunƙule. Akwai kafin alƙalami, akwai biya kashi-kashi bisa satifiket, akwai abin da ake cirewa na haraji, akwai kuma kason da ake riƙewa sai an ga lafiyar ginin bayan wani lokaci. Kowanne da ranarsa da takardarsa. Kuɗin da ke fita ma haka, kuma kowane layinsa dole ya nuna Aikin da aka kashe wa, in da hali har Gaɓar. Rashin wannan nunin ne ya sa kuke kwana biyu kuna bincike. Kada ka buɗe gurbi mai suna "jimillar abin da aka kashe" a teburin Aiki. Ranar da aka gyara bauca ɗaya aka manta da shi, za ku sami amsa biyu ga tambaya ɗaya. Ka bar kwamfuta ta tara. Kuma ka ajiye kuɗi a gurbi irin DECIMAL, mai riƙe adadi daidai, ko a matsayin kwabbai cikakku, domin gurbi irin FLOAT kusantar adadi kawai yake yi, yana kawo ɗan saɓani a wajen tarawa.

Za ka ga Canjin Kwangila. An ce aji biyu, daga baya aka ƙara ofis. An ce rijiya mai famfon hannu, aka koma mai sola. Idan ka goge tsohon kuɗin ka rubuta sabo, ka goge hujjar kamfaninku da hannunka. Kuɗin asali ya zauna inda yake, kowane canji ya samu layinsa, da ranarsa da wanda ya ba da umarni. Za ka ga Motsin Kaya: buhu nawa ya shiga sito daga wane dila a kan nawa, buhu nawa ya fita zuwa wane aiki, nawa aka kwashe daga aikin Zango aka kai na Mai'adua don kada a tsaya. Wannan na ƙarshen shi ke rikita lissafin ƙananan kamfanoni, domin aiki ɗaya ya biya, wani ya ci.

Akwai kuma alaƙar Gaɓa da Gaɓa: ba a rufi sai an yi linta, ba a fenti sai filasta ta bushe. A ƙarshen shekarun 1950 aka ɓullo da dabarun tsara jadawalin aiki da ake kira CPM da PERT a Amurka don lissafa wace gaɓa ce in ta makara duk aikin ya makara, kuma abin da suke ci shi ne ɗan tebur mai gurbi biyu, gaɓar da ke jira da wadda ake jira. Ka san da shi, amma ga aji biyu da kwalbati, foman ya riga ya haddace jerin, lambar jeri a teburin Gaɓa ta wadatar a yanzu.

Mutane da wurare

Ka rubuta Ma'aikaci. Shawarata ka mayar da shi Mutum, ka bar matsayi ya zauna a Sanyawa. Wanda yake foman a wannan aikin, birkila ne a wancan. Mai buga muku bulo, wata rana shi za ku ba jingar katanga. Idan ka buɗe tebur ga foman, wani ga birkila, wani ga dila, mutum ɗaya zai shiga wuri uku, ya sauya lambar waya a gyara ɗaya a bar biyu.

Sai abin da za ka bambance mutum da shi. Suna ba zai yi ba. A wurin gini ɗaya za ka sami masu suna ɗaya har da sunan uba, kuma suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad da Muhammadu da Mohammed, a fili kuma Mamman ake kiran sa, ko ma wata inkiya da babu ita a kowace takarda. Ka bar gurbin inkiya, foman zai gode maka. Lambar waya ma ba za ta yi ba: ana sauya layi, wa da ƙane suna amfani da waya ɗaya, kuma Excel yana cinye sifilin farko idan ya ɗauke ta a matsayin adadi, don haka ka ajiye ta a matsayin rubutu. Lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11 ta mutum ɗaya ce, amma ba kowane lebura zai zo da ita ba, kuma amana ce mai nauyi. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, wadda ta ɗora alhaki a kan duk mai tara irin waɗannan. Abin da ba ku buƙata kada ku karɓa. Ka bar rumbun ya ba kowane mutum lambarsa ta cikin gida, 1, 2, 3, wadda ba ta da wata ma'ana kuma ba ta sauyawa, sauran tebura su riƙa nuna ta.

Wuri kuwa hawa-hawa ne: jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, gari ko unguwa. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, ka shigar da su sau ɗaya a riƙa zaɓa. In ka bari ana bugawa da hannu, Mai'adua kaɗai za ta fito da rubutu uku ko huɗu, haka Dutsin-Ma da Ƙanƙara. Sunan gari shi kaɗai ba shaida ba ne, domin Sabon Gari da Tudun Wada ba su ƙirguwa. Ko a matakin ƙaramar hukuma akwai Nasarawa a Kano akwai wata a jihar Nasarawa. Ka sa rumbun a kan tsarin ajiye haruffa na UTF-8 tun ranar farko don ƙ da ɗ da ɓ su zauna daidai. Sannan ka gwada shigar da Mai'adua da wuri. Alamar da ke tsakiyar sunan ita ce SQL, harshen da ake ba rumbun umarni da shi, ke rufe rubutu da ita, kuma idan manhajarka ta tsaya a kanta, to tana liƙa abin da aka buga kai tsaye cikin umarni, wanda ƙofa ce ga masu kutse. Ga rijiyoyi, ka ƙara lambobin GPS, domin ƙauye ɗaya yana iya samun uku.

Inda ya kamata ka tsaya

Akwai haɗari a ɗaya gefen kuma. Wanda ya fara gane entiti yakan so ya mayar da komai entiti, ya wayi gari da tebur arba'in da babu mai cika su. Ka tuna wanda zai shigar da bayanan foman ne da ya yini a rana, wataƙila a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa. Duk teburin da ba za ka iya faɗin wanda zai cika shi da lokacin da zai cika ba, ka ajiye shi gefe. Ga kamfani irin naku ina ganin goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa. Da ni ne, zagayen farko zan tsaya a Mai ba da aiki, Kwangila, Wuri, Aiki, Gaɓa, Mutum, Sanyawa da Biya mai shiga da mai fita, domin su ne ke amsa tambayar da ta sa aka ba ka aikin. Sito ya biyo baya idan an saba. Zaɓen Access ko MySQL ko PostgreSQL bai kai wannan muhimmanci ba, zane ɗaya ne zai zauna a kowannensu.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan sakin layi ɗaya da ka rubuto da kuma kamfanonin da na yi wa aiki. Takardunku su ne alƙali. Inda suka saɓa wa zanena, su za ka bi. Idan kamfaninku bai taɓa karɓar kwangila mai wuri fiye da ɗaya ba, kuma maigida ya ce ba zai karɓa ba, kana iya haɗe Kwangila da Aiki, ko da yake ni ba zan haɗe ba. Yadda za a rarraba haraji da kuɗin riƙo a lissafi kuwa hurumin akanta ne, ka zauna da shi ya tsara maka, kai ka ba su gurbi. Kuma wannan rumbun na bin ayyuka ne, kada a ɗora masa nauyin zama cikakken littafin akanta.

Kafin ka rubuta umarnin SQL ko ɗaya, ka ɗauki aiki guda da kuka gama, wanda ya fi ba ku wahala, mai canji da dakatarwa da aron siminti. Ka zana teburan a babbar takarda, ka shigar da shi da fensir daga ranar sa hannu har biyan ƙarshe. Duk takardar da ta rasa wurin zama, entiti ce ka bari. Duk bayanin da ka rubuta sau biyu, akwai tebur da ke neman a raba shi. Sannan ka roƙi maigida ya ba ka tambayoyi goma da ya fi yi wa akanta, ka amsa su da yatsa kana bin layi daga tebur zuwa tebur. In ka gama, ka turo mini sabon zanen tare da tambayoyin goma da waɗanda suka gagara amsuwa, mu duba tare in sha Allah. Ka gaida maigidan naka.